Sharhi: asibitin masu shan warfarin da nas-nas ke riƙe da shi

Tun da aka sa mini bawul na ƙarfe a zuciya nake shan warfarin, wato maganin tsinka jini, kuma shan na har abada ne, domin sababbin magunguna irin su apixaban ba su dace da masu irin bawul ɗina ba. A garin da nake zaune a Ingila, nas-nas ne ke bibiyar masu shan maganin tsinka jini. Likitan zuciya sai jefi-jefi nake ganinsa. Ni dai tsarin ya yi mini.

Aikin ba ya cin lokaci. Nas ɗin za ta huda yatsa, ta ɗiga jini a ɗan tsinken na'ura, nan take sakamakon INR, wato awon yadda jini ya tsinke, ya fito. Nawa ana son ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5: in ya sauka, jini na iya yin guda a bawul har ya jawo shanyewar ɓarin jiki; in ya haura, sai haɓo da zubar jinin dasashi. Daga nan ta rubuta mini adadin ƙwaya a ɗan littafi mai ruwan ɗorawa da ake ba masu shan warfarin, ta nuna ƙwayoyin da yatsa: mai ruwan ƙasa 1mg, shuɗiya 3mg, mai ruwan hoda 5mg.

Abin da ya fi burge ni tambayoyinta. Da INR ɗina ya faɗi, ba ta yi saurin ƙara magani ba, sai ta ce me ya sauya a tukunyata? Ashe zogalen da aka aiko mini daga Kano ne, na yi ta kwaɗo kullum. Ba ta san zogale ba, na nuna mata hoto a waya, ta bincika, ta bayyana mini cewa sinadarin bitamin K na ganyaye yana rage ƙarfin warfarin. Ba ta hana ni ci ba. Cewa ta yi in riƙa ci daidai wa daida, kada yau tuli gobe babu. Ta kuma ja kunnena kan ibuprofen da Flagyl da jiƙe-jiƙen gargajiya, kuma da azumi ya gabato muka zauna muka tsara lokacin sha bayan buɗa-baki. Wallahi wannan kulawa ta kwantar mini da hankali ƙwarai.

Inda nake da ƙorafi shi ne waya: in matsala ta taso da yamma, da wuya a ɗauka, ranakun Asabar da Lahadi kuma a rufe suke. Don haka tun ranar farko ka nemi a rubuta maka inda za ka nufa in ka ga baƙin bayan gida ko jini a fitsari.