Shafin gwamnati a Ingila da namu na gida

'Yan uwa na Bauchi, a nan Ingila yawancin hulɗa da gwamnati ta waya ake gama ta, ba tare da an je wurin mai kafen intanet ba.

Tun watan Oktoba na 2012 suka tattara hidimomin gwamnati a adireshi ɗaya, GOV.UK. Shafin ba ado: farin fili, baƙin rubutu, koren maɓalli. Ba hoton minista, ba jawabin maraba, shi ya sa yake buɗewa ko sabis ya yi rauni. Tun kafin ka fara zai lissafa maka takardun da za ka ajiye kusa, sannan ya riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya. Harajin mota, alal misali: lambobi 11 da ke jikin takardar mallakar motar, ko 16 na wasiƙar tunatarwa, sai katin banki. Idan ka yi kuskure, jan rubutu zai nuna maka ainihin gurbin da za ka gyara, abin da ka cike kuma ba ya gogewa.

A gida matsalar ba wai rashin shafi ba ce, shafukan ne ba sa jituwa da juna. Mai neman fasfo zai saka lambobin NIN 11, sai a tarar an rubuta Mohammed a can, shi kuma ya cike Muhammad. Aiki ya tsaya sai an daidaita da NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Biyan kuɗi ta Remita, manhajar biyan gwamnati kuɗi, ma haka: banki ya cire, shafi na nuna ba a biya ba, don tabbacin bai iso ba tukuna. Kada a yi gaggawar sake biya. A riƙe lambobin RRR 12, wato shaidar biya da Remita ke bayarwa, da rasit, da su ake bin kadi. Irin wannan ne ke cika kafe-kafen unguwar Wunti a Bauchi.

Nan ma ba a rasa nono a ruga ba. Katin izinin zama na baƙi, wato BRP, ya ƙare a 31 ga Disamba 2024, an koma bizar intanet. Wanda ya sabunta fasfo bai shigar da sabuwar lambar a asusunsa na bizar ba zai iya shan wahala a filin jirgi, samun ɗan Adam a waya kuwa sai mai haƙuri. Akwai kuma shafukan bogi da ke sayen talla su hau saman Google, suna karɓar kuɗi kan abin da yake kyauta. Kafin a saka lambar kati a duba ƙarshen adireshin: shafin gwamnati gov.uk ne a nan, gov.ng a gida, amma adireshin Remita shi ne remita.net.