Tailan ko Sin: ina ya dace da mai hutun wata ɗaya?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu hutun wata ɗaya, ka tara 'yan kuɗinka, kana son tafiya sansanin koyon faɗa a ƙasar waje, amma ka rasa na zaɓa tsakanin Muay Thai, wato damben gargajiyar Tailan, da kung fu a Sin. Ka kuma ce ba ka taɓa yin wani horo mai nisa ba. Da wata ɗaya a hannu, kuma kana sabon shiga, ni Tailan zan ce maka.

A Tailan, ko Phuket ka sauka ko Chiang Mai ko Bankok, tsarin kusan ɗaya ne: atisaye safe da yamma, kwana shida a mako, Lahadi hutu. Gudu, tsallen igiya, naushin iska, dukan buhu. Amma inda ake samun karatun shi ne lokacin da malami, wanda suke kira kru, ya ɗaura matasan fata a hannuwansa da cikinsa ya tsaya a gabanka. Turmi uku zuwa biyar, yana kira kana kai naushi, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da ƙwauri. Kana sauke hannu daga fuskarka, matashin fatar nan zai sauka a kunnenka, kuma daga ranar ka daina saukewa. Da yawa cikin malaman nan tsofaffin 'yan dambe ne da suka fara karawa tun suna yara, wasunsu har a manyan filayen damben Bankok, Rajadamnern da aka buɗe a 1945 ko Lumpinee na 1956. Dabarun ba su da yawa, maimaici ne ke da yawa, shi ya sa mako huɗu ke isa jiki ya riƙe wani abu.

Sin kuwa wata duniya ce. Sunan da ke jan kowa shi ne Shaolin, gidan ibadar mabiya Buda da aka kafa a shekarar 495 a dutsen Song, kusa da Dengfeng a lardin Henan. Sai dai yawancin baƙi ba a cikinsa suke koyo ba, a makarantun kwana na kewayensa ne, inda tashi da ci da kwanciya duk da lokacinsu. Horon daga tushe yake farawa: miƙa jijiyoyi, da wata tsayuwa da suke kira ma bu, ka ware ƙafafu ka rage tsawo kamar kana bisa doki, cinyoyinka na rawa, gumi na ɗiga, malami, wanda suke kira shifu, na zagayawa yana miƙe maka baya. Sai taolu, jerin motsi da ake haddacewa ɗaya bayan ɗaya, da hannu ko da gora. Ina ganin ƙimar abin nan ƙwarai, kuma ba na yarda a raina shi. Amma shekaru yake ci. Yaran da kake gani a bidiyo suna tashi sama sun daɗe a can. A wata ɗaya za ka dawo da jeri ɗaya ko biyu da jiki mai laushi, ba da sanin yadda ake kauce wa naushi ba, sai fa in ka nemi makarantar da ke koyar da sanshou, damben Sinawa mai haɗe da kayarwa.

Sauran bambancin na zama ne. A Tailan kai ke da kanka: ka kama ɗakinka, ka ci inda kake so, kuma a Phuket akwai Musulmi da yawa, masallatai da abincin halal ba sa wahalar samu. Wannan 'yanci shi ne kuma tarkon, don wanda ya biye wa yawon dare ba ya tashi gudun safe. A Sin makaranta ce za ta tsare ka, ga WhatsApp da Facebook a toshe, ga sanyin Henan da ke kai ruwa ya daskare a Janairu. A Tailan kuma guji Afrilu saboda zafi, Chiang Mai kuwa hayaƙin ƙona gonaki kan rufe ta daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Duk inda ka zaɓa, kada ka bari sai ka isa za ka fara. Tun wata biyu kafin tafiya ka kama gudu da tsallen igiya, in ba haka ba makon farko zai ƙare a jinyar ƙwauri da agara. Makon nan na farko ka riƙa zuwa sau ɗaya a rana, ka yi wanka da sabulu da zarar an tashi, saboda makero na yawo a tabarmin atisaye da safar dambe ta haya. Ka karanta takardar inshorarka da kyau, da yawa ba sa biyan raunin wasan faɗa. A Tailan kuma kada ka biya kuɗin wata gaba ɗaya: biya na 'yan kwanaki, ka ga ɗalibai nawa ke kan malami ɗaya, in bai yi maka ba ka koma wani sansanin.