Wata 14 da Autanmu ya yi a cibiyar koyon dogaro da kai

Ranar da na fara kai Auta cibiyar, a bakin ƙofa na tsaya ina ɓalla masa maɓallan riga, shi kuwa ya ɗaga haɓa yana jira kamar yadda ya saba. Shekararsa 29 a lokacin. Malamar da ta tarbe mu ta gani, amma ba ta tanka ba sai da muka zauna. Ta ce, "Hajiya, ya taɓa gwada ɓallawa da kansa?" Na ce yana gwadawa, sai dai kafin ya gama mun makara. Ta ce, "Ai mu nan ba inda za mu je. Sai ya gama."

Auta ƙanena ne, da lalurar Down aka haife shi. Mutane kan haɗa ta da wasu lalurori su ce galahanga, alhali kowacce da sababinta. Tasa daga ƙwayoyin gado ce: yawancinmu muna da kromosom 46, shi yana da 47, domin ta 21 ta zo guda uku maimakon biyu. Da ya gama makarantar yara masu buƙata ta musamman, sai zaman gida. Shekara da shekaru yana gaban talabijin, jiki ya yi nauyi, magana ta ragu. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ya dawo hannuna, sai na tarar kusan duk wani tanadi da ake yi na yara ne. A Amurka, a farkon shekarun 1980, matsakaicin tsawon rayuwar mai wannan lalura bai wuce shekara 25 ba, yanzu kuwa ya kai wajen 60. Ke nan yaran nan suna girma, suna binne iyayensu, kuma dole wani ya yi tunanin yadda za su rayu bayan haka.

Cibiyar ta yini ce, ba a kwana. Ana zuwa da safe a tashi da la'asar, kwana biyar a mako. Manya ne zalla, wajen mutum ashirin: masu lalurar Down, masu otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), da waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa. Malami ɗaya yana riƙe da mutum biyar ko shida. Abin da ya fara shiga raina shi ne, a zaman farko malamar ta juya kujerarta ta fuskanci Auta, shi ta tambaya me yake so ya iya. Na buɗe baki zan amsa masa, ta ɗaga mini hannu cikin ladabi. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Waya. In kira Yaya." Da ni aka tambaya, wanka da wanki zan ce, waya ba za ta zo mini a rai ba ko kusa.

Yadda suke koyarwa shi ne ya sa nake wannan rubutu. Kowane aiki sai sun yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Goge haƙori, da muke ɗauka abu ɗaya ne, a wajensu ya fi mataki goma, kuma kowane mataki da hotonsa a jikin bango kusa da madubi. Sannan sau da yawa daga ƙarshe suke farawa. A maganar maɓalli, malamar ce take tura shi rabi cikin rami, Auta ya ja ya fitar. Iyakar aikinsa ke nan a makon farko, amma a hannunsa aikin yake ƙarewa, shi yake ganin riga ta rufu. Da ya ƙware a wannan, sai aka koma baya da mataki ɗaya, ya zama shi ne mai turawa. Da farko hannunta yana kan nasa. Daga baya ta koma taɓa gwiwar hannunsa kawai, sai nuni da yatsa, sai kalma ɗaya, sai shiru.

Wata rana na tsaya a bayan taga ina leƙe. Masu lalurar Down galibi yatsunsu gajeru ne, tsokarsu kuma tana da laushi, don haka ƙaramin maɓalli aiki ne ja a wajensu. Na ga maɓallin ya suɓuce masa sau huɗu. Malamar ta haɗa hannayenta a bayanta, leɓenta yana motsi, ashe ƙirga take yi zuwa goma kafin ta sa baki. A na biyar ya shiga. Bai kalli malamar ba, rigar ya kalla, ya shafa ta da tafin hannu daga sama har ƙasa. Mako 11 aka yi kafin ya iya riga guda shi kaɗai.

Shugaban wurin ya ba ni labarin wani masani ɗan Amurka, Marc Gold, wanda a farkon shekarun 1970 ya koya wa mutanen da aka yanke ƙauna da su haɗa birkin keke mai ƙananan sassa sama da goma. Ra'ayinsa shi ne, idan mai koyo bai gane ba, mai koyarwa ne zai sauya hanya. Na ga wannan a aikace. Da lambobin waya suka gagari Auta, ba su dage ba. Sun sa hotona a fuskar wayar, ya danna, ta buga.

Darasin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fita waje. Sau ɗaya a mako suna fita da su tsallaka titi, shiga mota, miƙa kuɗi da jiran canji. Na ce ban yarda ba. Shugaban ya zaunar da ni ya ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, a sashe na 19, ta tanadi cewa su ma su rayu cikin jama'a kamar kowa, kuma wanda bai taɓa tsayawa a bakin titi da malami ba, wata rana zai tsaya shi kaɗai. Na sa hannu zuciyata ba daɗi. Har yau Auta ba ya tsallakawa sai da wani a gefensa, amma yanzu yana tsayawa cak ya duba dama da hagu, ba ya jan hannuna.

Akwai kuma darasin faɗin "a'a", maza daban mata daban: wane sashe na jiki ne ba mai taɓa maka, wa za ka gaya wa idan an taɓa, me za ka yi idan baƙo ya ce ka biyo shi. Auta mai son mutane ne, kowa ya yi masa murmushi ya zama nasa. Ko wannan darasi kaɗai suke yi, da na kai shi. Kuma malamarsa ta farko ce ta lura yana karkata kunne ɗaya idan ana magana, ta ce mu je a duba. Aka duba, ashe jinsa ya ragu, abin da ya zama ruwan dare ga masu lalurarsa. Mu a gida taurin kai muke ɗauka.

Amma wurin yana da nasa aibu, kuma ba ƙarami ba. A wata 14 malamai uku Auta ya yi. Aikin yana da nauyi, albashin bai taka kara ya karya ba, sai su koyi aiki su tafi. Da ta farko ta bar wurin, ba wanda ya shirya shi, ya je kawai ya tarar da baƙuwar fuska. Mako biyu yana ƙin fita daga ɗaki, maɓallin da ya iya ma ya koma miƙo mini ƙirji. Mutum irinsa sai an gaya masa tun da wuri, an nuna masa hoton mai zuwa, an bar shi ya yi sallama. Su da suke koyar da wannan, bai kamata ya wuce su ba.

Aibu na biyu, yammacin Alhamis. Ana raba musu littattafan shafa launi na 'yan firamare, a kunna waƙoƙin yara. Maza masu gemu, mata da sun isa riƙe gida. Raina yana ɓaci duk lokacin da na gani, domin ya saɓa wa duk abin da suke yi a sauran kwanaki. Littafin da ake rubuta mana abin da ya yi a yini ma, wani lokaci kwana uku ba a taɓa shi ba. Sannan abin da aka koya a can ba lallai ya biyo mutum gida ba: Auta yana wanke rigarsa tsaf a cibiyar, a gida kuma ya tsaya yana kallon baho saboda ba irin na can ba ne. Sau ɗaya tak suka turo malami gidanmu, kuma a wannan zuwa ɗaya matsalar ta warware. Na ga kuma waɗanda suka shekara biyar ko shida a wurin suna maimaita abin da suka riga suka iya, ba wata hanya da aka shimfiɗa musu zuwa sana'a ko aiki.

Duk da haka zan ce wa mai ɗan'uwa irin nawa ya kai shi, musamman idan zaman gida ya fara cinye shi. Sai dai ka je ba tare da sanarwa ba, ka saurari muryar da ake yi musu magana da ita, ta manya ce ko ta rarrashin jariri. Ka tambayi malamai tsawon lokacin da suka yi a wurin, ka duba ko ƙofar banɗaki tana rufuwa.

Wata mai zuwa akwai zaman duba ci gabansa. Na rubuta maganar Alhamis da ta zuwa gida zan gabatar. Shekaranjiya ina wurin aiki wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji numfashinsa, sannan ya ce, "Yaya, ni ne. Ranar taro ni zan fara magana." Na tambaye shi me zai ce musu. Ya ce yana so a koya masa guga.