Jakar barcin jariri: ta cire mini fargaba, tashin dare kuwa sai da ya ga dama

Duk wadda ta sayi jakar barcin jariri da fatan yaronta zai daina tashin dare bayan ya koyi juyi, to ta shirya jin haushin kuɗinta. Ɗana ya fara sa ta tun yana wata huɗu, har yanzu a cikinta yake kwana, in ta yi masa kaɗan ma wata zan saya. Amma barci dai ba ita ta kawo mana shi ba.

Ga wadda ba ta taɓa ganinta ba, riga ce marar hannu, doguwa, ƙasanta a rufe kamar buhu, da zif a gaba. Hannuwan yaro suna waje, ƙafafunsa suna ciki da isasshen wurin da zai yi ta shure-shure. Ita ce bargonsa, sai dai ba ta zamewa ta hau fuska.

Kafin ita naɗe shi nake yi, hannuwa a ciki, saboda zaburar nan ta jarirai da ke tashinsu daga barci. Da na ga ya fara ɗaga ƙafa yana karkata gefe, na daina. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorar da ta sabunta a 2022, ta ce a bar naɗe jariri da zarar ya fara yunƙurin juyawa, kuma dalilin a fili yake: in ya kife hannuwa a ɗaure, ba shi da abin da zai dogara da shi ya ɗaga kansa daga katifa.

To, an saki hannuwa, sai aka shiga wani sabon babi. Zan kwantar da shi rigingine, ya yi barci lafiya lau. Can tsakar dare sai in ji gurnani, sannan kuka. In na leƙa, ga shi rub da ciki, hannu ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin ƙirji, ya ɗaga kai yana rawa, fuska ta yi ja, yana kallona kamar ni na kifar da shi. In juya shi, in lallaɓa, kafin in kai bakin gadona ya sake kifewa. Ya iya zuwa, bai iya dawowa ba. Jakar ba ta hana wannan ba ko sau ɗaya, kuma da na yi tunani, ba aikinta ba ne. Yawancin jarirai tsakanin wata 4 zuwa 6 suke koyon juyi, daidai lokacin da barcinsu yake sauya tsari. Zagayen barcin jariri gajere ne, bai cika kai awa ɗaya ba, kuma a ƙarshen kowane zagaye barcin yana yin sama-sama. A nan ne jiki yake tuna sabon abin da ya koya da rana, ya gwada, mai jikin ya farka a inda bai kwanta ba.

Abin da jakar ta yi mini shi ne, in na ji motsinsa ba na zabura da tunanin ko mayafi ya rufe masa hanci. Gadon babu komai sai katifa mai tauri da zanin gado da ya kama ta tsaf. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta a wurina. Zif ɗin kuma yana buɗewa ta ƙasa, don haka ina canza masa famfas ba tare da na cire masa ita gaba ɗaya ba, wani lokaci ma ko ido ba ya buɗewa.

A kula da kauri. Ana rubuta shi da ma'aunin TOG: 0.5 marar nauyi ce ta ɗaki mai zafi, 1.0 matsakaiciya, 2.5 ta sanyi. Marar nauyin na fi amfani da ita, in ƙara ko in rage kayan da nake sa masa a ciki. Ƙeyarsa ko ƙirjinsa nake taɓawa in ji ko ya yi gumi, don hannun jariri kusan kullum da sanyi yake, ba ya gaya maka komai. Wuyan rigar ma a duba shi da kyau, kada ya yi faɗin da kan yaro zai iya zamewa ciki.

Tana da nata aibin. Ɗan ƙyallen da ke rufe kan zif a ƙarƙashin haɓa ƙarami ne, in ya kife sai ya goge shi ya bar ɗan ja. Bayan wanki da yawa zif ɗin ya fara lanƙwashewa. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, in ya yi ta mirginawa, ƙasan jakar yana murɗewa a ƙafafunsa, ya ja ya ji an riƙe shi, sai kukan ya ƙaru.

Yayata da ta ga idona ya faɗa ta ce, "Ke ƙanwata, ki tare shi da filo dama da hagu mana, ki huta." Na ce, "Yaya, ai filon ne abin tsoron." Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2010 kan abubuwan da ake tare jariri da su don kada ya juya, saboda an samu waɗanda suka shaƙe a jikinsu. Haka jakar da ake sa wa nauyi a ƙirji wai don yaro ya natsu, jagorar 2022 ɗin nan ta ce a guje ta. Tallarta na da daɗin ji ga wadda ta kwana ba barci, ni dai ban kusance ta ba.

Abin da ya yi aiki da rana aka yi shi. Ina shimfiɗa shi rub da ciki a ƙasa yana farke, in riƙe abin wasa ta gefen kafaɗarsa har ya bi shi da kai, jiki ya biyo baya, ya faɗa rigingine yana mamakin kansa. Wani lokaci da jakar a jikinsa muke yi, don ya saba da ita. Da dare kuma na koyi ɗan dakatawa ina kallo kafin in kai hannu. Bayan 'yan makonni ya iya dawowa da kansa, daga nan tashin ya ragu. Har gobe rigingine nake kwantar da shi, haka ake so har ya cika shekara 1, amma tun da ya iya juyi ta kowane ɓangare, in ya kife da kansa ina barinsa. Yanzu ma haka ya fi son kwana, ɗuwawu a sama.

Ta gaba da zan saya mai zif a gefe ce, saboda haɓar nan, kuma tsawonsa da nauyinsa zan auna, don watannin da ake rubutawa a jikin kwali ba su yi daidai da shi ba.