Gargaɗi Ga Masu Shirin Bin Kogin Mekong: Hattara Da 'Yan Kamashon Chiang Khong Da Huay Xai

Duk wanda ke shirin goya jakarsa ya bi kogin Mekong daga arewacin Tailan zuwa Luang Prabang a ƙasar Laos, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya miƙa wa kowa kuɗi ko fasfo. Hanyar kanta ba ta da laifi, matafiya na binta kullum. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen 'yan kamashon da ke zube tun daga birnin Chiang Mai na arewacin Tailan har bakin ruwa, masu sayar da takarda ɗaya da suka ce ta haɗa komai: mota, tsallake iyaka, biza, jirgin ruwa da wurin kwana. Ba dukansu ne macuta ba, akwai masu ɗora ribarsu kawai su kai ka lafiya. Amma akwai waɗanda cinikinsu kacokan ya tsaya a kan ƙarya, kuma ƙaryar iri ɗaya ce shekara da shekaru.

Ga yadda tafiyar take idan babu kowa a tsakani. Daga tsohuwar tashar mota ta cikin garin Chiang Rai ana shiga bas zuwa Chiang Khong, tafiyar awa biyu da 'yan kai, kuɗin motar wajen bahat 100 (bahat shi ne kuɗin Tailan). Chiang Khong na bakin kogi, tana kallon Huay Xai, babban garin lardin Bokeo na Laos. A da kwale-kwale ke fito da mutane daga tsakiyar gari, amma tun da aka buɗe Gadar Abota ta Huɗu a Disambar 2013, baƙi ta can suke bi, wajen kilomita 10 daga gari. Ba a taka gadar da ƙafa. Jami'an Tailan su buga maka hatimin fita, ka yanki tikitin bas ɗin gada a tagar da ke nan wurin da kuɗi kaɗan, ya sauke ka gaban jami'an Laos. Daga nan ka hau tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun can, zuwa tashar jirgin ruwa da ke arewacin Huay Xai. A saman gangaren tashar akwai ofishin yankan tikiti, farashi a rubuce, wajen dala 20 har Luang Prabang. Jirgi ɗaya ne a rana bisa al'ada, da hantsi yake tashi, ya kwana a garin Pakbeng da ke kan hanya, washegari da yamma ya isa. Tafiyar kusan kilomita 300 ce. Ka lura, duk abin da aka lissafa nan yana da tagar da za ka iya tsayawa gabanta da kanka.

Babbar ƙaryar, wadda ta fi shafar mu, ita ce ta biza. Laos na bai wa yawancin baƙi biza a bakin iyaka, kwana 30, shi ya sa za ka ga Turawa sun cika fom a tsaye sun wuce cikin rabin awa. Amma akwai jerin ƙasashen da ba a yi musu wannan rangwame ba, kuma Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru duk suna ciki. Mai ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan fasfuna dole ya zo da bizarsa a manne, daga ofishin jakadanci. Laos ba ta da ofishi a Abuja, don haka mafi sauƙi shi ne ofishinta na Bankok, akwai kuma ƙaramin ofishi a Khon Kaen, shi ma a Tailan. Ka tuntuɓe su tun kafin ka sayi tikitin komai, domin suna iya neman ƙarin takardu, kuma abin na iya ɗaukar kwanaki.

Ɗan kamasho ko dai bai san wannan ba, ko ya sani ya yi gum. Zai dubi koren fasfonka ya ce ba matsala, yana da mutum a gada. Ya karɓi kuɗin biza da na "hidima", ya manna maka 'yar takarda mai launi a ƙirjin riga don direba ya gane ka, shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba. Direban da ya kawo ka gada ba shi ne ya karɓi kuɗinka ba, wanda ke jira a tsallake ma wani ne daban, kowa ya ce bai san zancen ba. Abin da ya sa wannan ta fi asarar kuɗi muni shi ne hatimin fita. Bizar Tailan ta shiga sau ɗaya tana ƙarewa da zarar an buga maka fita. Idan Laos ta ƙi ka, ka zama abin tausayi a tsakanin ƙasa biyu, sai yadda jami'an Tailan suka ga dama da kai, kuma mu ba a ba mu bizar Tailan a bakin iyaka. Ko da bizar Laos ɗinka ta fito lafiya, ka yi tunanin ta inda za ka fita: in za ka dawo Bankok ka hau jirgin gida, kana bukatar wata bizar Tailan ɗin, ko wadda ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya.

Wanda ke riƙe da fasfon wata ƙasa da aka yarje wa biza a iyaka, shi kuma ta wani gefen ake cin sa. A tsayar da mota a wani gidan abinci ko ofis mai tuta kafin gada, a raba fom, a tara fasfuna cikin jaka, a ce idan ba a yi nan ba layin gada zai sa jirgi ya tafi ya bar ku. Fom ɗin kyauta ne a tagar jami'an Laos. Abin da ake bukata shi ne hoto ɗaya, biro, da dalar Amurka sabuwa fil, wajen 40, domin suna mayar da wadda ta yage ko aka yi wa rubutu. Biya da bahat ya fi tsada. Akwai kuma shafukan intanet na bogi masu kama da na gwamnati, suna karɓar ninkin kuɗi a kan bizar da ake nema ta intanet. Na gaskiyar shi ne laoevisa.gov.la, kuma a nan ake duba ko ƙasarka da iyakar da za ka bi suna cikin waɗanda aka amince.

Sai canjin kuɗi. Za a ce maka babu na'urar cire kuɗi a Laos, ko ba a karɓar bahat, ka canza duka a nan. Duk ƙarya ne. Akwai bankuna da na'urori a Huay Xai, kuma masu tuk-tuk da masu shago a garin na karɓar bahat. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne yawan sifili: kuɗin Laos, kip, ya faɗi ƙwarai daga 2022, har dala ɗaya ta haura kip 20,000, takardar 20,000 da ta 50,000 kuma suna iya rikita wanda bai saba ba. A damƙa maka dami mai kauri ka ɗauka ka yi arziki, alhali an zabge kaso mai yawa. Ka duba farashin ranar a wayarka, ka ƙirga a gaban mai canjin, kuma kada ka canza fiye da na kwana biyu ko uku. Kip ba ya canzuwa a wajen Laos, duk abin da ka fita da shi ya zama takarda.

Takardar da ɗan kamasho ya ba ka a Chiang Mai ba tikitin jirgi ba ce, shaida ce kawai da wani zai musanya a Huay Xai. Idan an musanya, ka karanta inda aka rubuta za a sauke ka. Wasu sun biya kuɗin Luang Prabang an ba su na Pakbeng, ba su farga ba sai da safiyar rana ta biyu da aka zo duba tikiti. Ka adana shi sosai, domin jirgin rana ta biyu ba lallai ne ya zama na jiya ba. Wata asarar da ba a lissafawa ita ce ta wurin zama. Jirgin dogo ne na katako, kujerunsa tsofaffin kujerun mota ne da aka jera, injin kuma a baya yake, a buɗe, da ƙara da hayaƙin dizal. Wanda ya kwana a Huay Xai ya yanki tikiti da sassafe shi ke samun gaba. Ayarin 'yan kamasho kan iso a makare, sai su ƙare kusa da inji, wani lokaci a kan jakunkuna, awa shida ko bakwai.

Kafin jirgi ya tashi, wani mutum mai tsabta, da kati rataye a wuya, yakan tsaya a gaba ya yi jawabi da Turanci mai kyau. Ya yi maraba, ya ba da shawara kan tsaron kaya, har ka ɗauka ma'aikacin gwamnati ne. Sai ya gangaro kan abin da ya kawo shi: Pakbeng ƙaramin gari ne, ɗakuna sun ƙare, jirgi zai isa cikin duhu, wanda bai kama ɗaki yanzu ba a waje zai kwana. Ya zaro hotunan ɗakuna ya fara karɓar kuɗi. Pakbeng kusan titi ɗaya ne da ya hau tudu daga bakin ruwa, kuma masaukai ne jere a kansa, domin da wannan jirgin garin ke ci. Masu masaukin da kansu ke tarbar jirgi da alluna a hannu. Ka hau ka ga ɗaki da idonka, ka murɗa famfo, ka duba makulli da gidan sauro, sannan ka biya. In hankalinka bai kwanta ba, musamman a Disamba da Janairu da baƙi ke yawa, ka kama ɗaki da kanka kai tsaye tun kana Huay Xai.

Irin wannan jawabin ne wasu ke juyawa ta wata fuska tun a kan iyaka: yau jirgi ba ya tashi, ko ruwa ya janye, ko an cika. Manufar ita ce a tura ka motar dare ko ƙaramin jirgi mai gudu, inda kamashonsu ya fi tsoka. Ka je ofishin tasha ka tambaya da bakinka. Shi wannan mai gudun, a ganinmu, ko kyauta aka ba ka kada ka hau. Yana cinye tafiyar kwana biyu a wajen awa shida, fasinja a tsugune da hular kwano, a kogin da ke cike da duwatsu da gungumen itace, kuma an sha rasa rayuka a cikinsa. Haɗarin ya fi yawa a Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, hayaƙin ƙonar gonaki kuma ya rufe ido.

A Pakbeng ka riƙe jakarka da kanka yayin sauka, don akwai masu sungumar ta su hau tudu sannan su yanka maka farashi. Wanda ya matso da dare yana raɗa maka wiwi ko wani abu, ka wuce kawai. Sau da yawa wanda ya sayar shi ke nuna mai saye, a zo a tatse shi, kuma dokar Laos kan ƙwaya mai tsanani ce har da hukuncin kisa ga masu fatauci. Da safe jirage biyu ne a tasha, ɗaya ya gangara Luang Prabang, ɗaya ya koma Huay Xai, ka tambaya kafin ka ajiye kaya. Abincin da ake haɗawa cikin tikitin 'yan kamasho kuwa galibi burodi ne da naman da ba ka san asalinsa ba, kuma alade ya yi yawa a girkin yankin. Ka sayi ayaba, dafaffen ƙwai, shinkafarsu mai danƙo da ruwa a kasuwa kafin ka shiga.

Akwai abubuwa biyu da baƙi ke ɗauka damfara ce alhali ba ita ba ce, kada ka ɓata bakinka. Jami'an Laos na karɓar ƙarin kusan dala ɗaya a ƙarshen mako ko bayan lokacin aiki. Sannan jirgi ba ya shiga tsakiyar Luang Prabang, yana tsayawa ne a wata tasha wajen kilomita 10 kafin gari, inda ake yankan tikitin tuk-tuk a rumfa da farashi guda. Zaman dirshan cikin jirgi ba ya sa matuƙi ya ƙarasa.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi. Can saman kogi daga Huay Xai, a gundumar Ton Pheung ta wannan lardin na Bokeo, akwai yankin tattalin arziki na musamman da ake kira Golden Triangle, daura da Chiang Saen ta Tailan. An ba da shi haya na shekara 99 a 2007, a can gidan cacar Kings Romans yake, kuma a Janairun 2018 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ƙaƙaba wa mai gidan, Zhao Wei, takunkumi. Yankin ya yi ƙaurin suna wajen gidajen damfarar intanet da ake tsare baƙi a ciki bayan an yaudare su da tayin aiki, kuma ofishin jakadancin Indiya a Vientiane, babban birnin Laos, ya sha sanar da ceto 'yan ƙasarsa daga can. Matafiyin da kuɗinsa ya yi ƙasa, ko wanda biza ta maƙale masa a gada, shi ne ainihin wanda suke nema. Duk wanda ya ce zai tsallakar da kai da kwale-kwale ba tare da hatimi ba, ko yana da aikin kwamfuta mai albashin dala da masauki kyauta, ko ya biya maka kuɗin mota ya riƙe fasfo "don rajista", ka rabu da shi nan take.

Fasfo ba ya barin hannunka sai a tagar jami'in shige da fice, ko a ofishin tikiti da teburin masauki inda za a kwafi suna kana tsaye. Ka ɗauki hoton shafin farko da na biza, ka tura wa wani a gida tare da sunan masaukinka. Idan wani ya riƙe maka fasfo ko ya gudu da kuɗinka a ɓangaren Tailan, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido ita ce 1155, kuma suna jin Turanci. Ka nemi rasit mai sunan kamfani da lambar waya duk inda ka biya, da shi za su fara aiki. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Laos, mafi kusa su ne na Bankok da Hanoi ta Vietnam, don haka ka rubuta lambobinsu a takarda ka sa cikin aljihun da ba na waya ba.