Sharhi a kan aikin masu dashen itatuwa a filin masana'anta a Damagaram

Kamfanin da nake magana a kansa ƙarami ne, yana da gidan renon itatuwa a bakin hanyar Mirriya, kuma mun ba shi aikin tsara filin da muke gina wurin tace riɗi da matse man gyaɗa a bayan gari. Abin da ya sa muka neme su tun kafin a haƙa harsashi shi ne doka. Dokar gandun daji ta Nijar mai lamba 2004-040 ba ta yarda a sare itacen da aka ba kariya, irin su gawo, ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba, sannan dokar 2018-28 ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, wanda ofishin BNEE, wato ofishin ƙasa mai tantance al'amuran muhalli, ke dubawa. Duk wanda ya share fili ƙaf kafin ya nemi takarda, ya jawo wa kansa tara da jinkiri.

Inda aikinsu ya fi burge ni shi ne yadda suka kula da itatuwan da muka tarar a filin. Kafin katafila ta shigo, sun bi kowane gawo da aduwa da tsamiya sun sa musu lamba da jan fenti, suka zana su a kan taswirar gini, sannan suka zauna da injiniyanmu har aka karkatar da hanyar manyan motoci domin a bar wasu gawuna biyu da ke tsakiyar fili. Shingen da suka kewaye kowane itace da shi ba a jikin kututture suka kafa shi ba, sai a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, domin saiwoyin da ke shan ruwa suna shimfiɗe ne a ƙasa ta sama har su wuce nan. Shugaban ma'aikatansu ya hana a jibge tsakuwa ko a wanke injin kwaɓa siminti a gindin itace, kuma na ga da idona ya sa an haƙa ramin bututun ruwa da hannu a kusa da tsamiya, ana bi ta ƙarƙashin manyan saiwoyi maimakon a datse su. Wannan kulawa tana da muhimmanci, domin itacen da motoci suka daddanne ƙasar gindinsa ba ya mutuwa nan take, sai bayan shekara biyu ko uku ya fara bushewa daga sama, lokacin da mai kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Gawo kuwa ya cancanci wannan wahala, tunda yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, wato yana ba ma'aikata inuwa a daidai watannin da zafi ke gallabar mutane. Manoman Magariya da Matamaye da Mirriya sun daɗe da sanin darajarsa, shi ya sa suke rainon tohonsa a gonakinsu.

Sabon dashen ma an yi shi da tunani. Sun jera dogon yaro da bagaruwa ta arewa maso gabas domin tare ƙurar hunturu, wadda babbar matsala ce ga mai tace riɗi, sun nisanta su daga katanga da rijiyar ajiyar ruwa, sun jira har ruwa ya zauna a watan Agusta kafin su dasa, kuma kowane tsiro an sa masa ragar waya saboda awaki.

Sai dai akwai inda ban gamsu ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A gaban ofis sun shimfiɗa ciyawar ado da furanni masu son ruwa kullum, alhali kowa ya san halin da Damagaram ke shiga wajen ruwan sha daga Maris zuwa Mayu, lokacin da unguwanni ke kwana suna jiran famfo. Ban ga dacewar a sayi tankar ruwa domin ciyawa a irin wannan gari ba, kuma da sun faɗa mana yawan ruwan da za ta ci tun farko, da mun zaɓi tsakuwa da magarya. Haka nan yarjejeniyar ba ta fayyace wanda zai maye gurbin tsiron da gara ta cinye a ranin farko ba, sai da muka yi ta kai da komo kafin suka amince su sake dasawa.

Kuɗinsu ya ɗara na masu dashe na bakin titi, amma ya haɗa da taswirar itatuwa da rakiya zuwa ofishin gandun daji, abubuwan da waɗancan ba sa yi. Ina ba masu shirin gina masana'anta ko babban ɗakin ajiya shawarar su ɗauke su, da sharaɗin a rubuta batun ban ruwa na shekarar farko da maye gurbin abin da ya mutu a cikin takarda kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami.