Gargaɗi ga ɗaliban da ke neman ɗakin haya a Jamus tun suna gida

Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami ɗan yayata a watan Oktoban da ya wuce, lokacin da ya tafi Göttingen ta ƙasar Jamus domin karatun digiri na biyu, kuma ina roƙon duk mai ɗa ko ƙane da ke shirin irin wannan tafiya ya nuna masa.

Göttingen gari ne da jami'a ta riƙe. Mazaunansa kimanin dubu 120 ne, jami'ar kuwa tana nan tun 1737 da ɗalibai fiye da dubu 20, don haka idan zangon hunturu ya gabato a farkon Oktoba, ɗaki yakan yi wuya ƙwarai, kamar yadda ake fama a Marburg da Tübingen da Heidelberg. Hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, wadda ake kira Studierendenwerk, tana da gidajen kwana masu sauƙin kuɗi, amma layin jira yana da tsawo, kuma wanda takardar gurbinsa ta iso a makare yakan tarar an riga shi. A wannan matsi ne 'yan damfara suke kafa tarkonsu, domin sun san yaron da ke Kano ko Zariya, da biza a hannu da tikitin jirgi amma babu inda zai ajiye akwati, ba ya cikin natsuwar da zai tsaya bincike.

Ɗan yayata ya ga tallar ɗakin ne a wani dandalin masu neman gida a Facebook. Hotunan sun nuna ɗaki mai gado da teburin karatu da taga mai kallon lambu, kusa da jami'a, a kan yuro 320 a wata. Mai ɗakin ya amsa masa cikin minti kaɗan da Turanci mai ladabi, ya ce shi injiniya ne da aiki ya mayar Sifen, ba kuɗi ne ya dame shi ba, yaro mai hankali kawai yake nema wanda zai riƙe masa gida amana. Ya turo hoton fasfo da takardar yarjejeniya mai tambari, sannan ya nemi yaron ya turo nasa fasfon da takardar gurbin karatu. Bayan haka ya ce mutum uku na jira, don haka sai an biya kuɗin ajiya na wata biyu, wato jinginar da mai gida ke riƙewa har a bar ɗakin, da hayar wata guda cikin kwana biyu, shi kuma zai aiko makulli ta gidan waya. Uwar yaron ta kwashi adashenta, aka canza shi, wani ɗan'uwa da ke Turai ya tura yuro 960.

Ranar da ya isa, ya ja akwatinsa daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar gidan. Gidan yana nan, lambar ma daidai ce. A Jamus sunayen mazauna ake rubutawa a jikin maɓallan ƙararrawa da akwatunan wasiƙa, saboda haka ya tsaya cikin yayyafi yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har sau uku, bai ga sunan mutumin ba. Wata dattijuwa da ta fito ta duba hotunan a wayarsa, ta ce babu ɗaki mai irin wannan taga a ginin. Lambar wayar mutumin ta daina shiga tun daren da ya gabata. Da ya kira ni, abin da ya iya faɗa shi ne, "Kawu, don Allah kada ka gaya wa Umma tukuna."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar Jamus kanta ta isa ta tona asirin mutumin, da mun san ta. Kuɗin ajiya, wanda suke kira Kaution, ba ya wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama gida da ruwa ba, kuma ɗan haya yana da haƙƙin biyansa kashi uku, kashin farko a lokacin da hayar ta fara aiki. Duk wanda ya ce a biya shi gaba ɗaya makonni kafin a ga ɗaki yana neman abin da doka ba ta ba shi ba. Haka kuma tun Yunin 2015 wanda ya ɗauki dillali shi ke biyan la'ada, wato mai gida a mafi yawan lokuta, don haka kuɗin "ganin ɗaki" ko na "riƙe maka wuri" alama ce ta cuta. Asusun da aka ba mu ma ya isa ya farkar da mu, domin lambar asusun bankin Jamus da haruffan DE take farawa, wannan kuwa na wata ƙasa ne, kuma sunan da ke kansa ba shi ne na fasfon ba. Mutumin ya ce na matarsa ne, muka yarda.

Labarin yakan sauya riga. Wani zai ce Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, shi ne zai riƙe kuɗin har ka karɓi makulli, ya turo maka adireshin shafin bogi da aka kwaikwaya tsaf, wani kuma ya nemi a tura ta Western Union. Akwai kuma masu ba da ɗaki na gaske amma su ce ba za ka yi rajista da adireshin ba. Wannan ma a guje shi, domin doka ta wajabta yin rajistar mazauni cikin mako biyu da tarewa, da takardar shaida daga mai gida, kuma da wannan rajistar ake neman izinin zama. Sayen adireshin da ba ka kwana a ciki laifi ne, tarar mai bayar da shi tana iya kaiwa yuro dubu 50.

Shawarata ga iyaye da ɗalibai ita ce kada kobo ya fita sai wani da kuka amince da shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya ga makulli ya buɗe ƙofar, domin gani ya kori ji. Idan ba ku da kowa a garin, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da ƙungiyoyin ɗaliban Afirka da masallatan garin suna iya haɗa ku da mai dubawa. A cike takardar neman ɗakin Studierendenwerk da wuri, ba sai biza ta fito ba. In lokaci ya ƙure, gara a kama gado a masaukin matasa na mako biyu a nemi ɗaki ido da ido, ko da kuɗin ya fi zafi a farko. Hotunan talla kuma a saka su cikin manhajar binciken hoto, domin na ɗan yayata mun same su daga baya a tallar wani gida a wani gari dabam.

Yaron ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ɗan'uwan da ya tura kuɗin ya sanar da bankinsa, amma kuɗin da mutum ya tura da hannunsa da wuya ya dawo, kuma har yau ba a sami ko sisi ba. Ya kwana goma sha ɗaya a kan kujerar wani ɗalibi ɗan Ghana kafin ya sami ɗaki.

Saura batun fasfo, wanda shi ne ya hana ni barci. Wata biyu bayan haka wata ɗaliba ta nemo yaron a intanet cikin fushi, tana cewa ya cinye mata kuɗin ajiya, ashe hoton fasfonsa ake tura wa sababbin ɗalibai a matsayin mai gida. Fasfon injiniyan da aka turo mana ma, da alama, na wani bawan Allah ne da aka cuta kafin mu. Saboda haka kada a tura hoton fasfo ga wanda ba a gani ba, kuma wanda ya riga ya tura ya shaida wa 'yan sanda a rubuce, ya adana takardar ƙarar da duk saƙonnin da suka yi musaya, domin takardar ƙarar ce ta wanke ɗan yayata ranar da yarinyar ta kai sunansa ofishinsu.